Ranar da Batir Ya Cinye Layyar Lungunmu

Wallahi har yau in na tuna Babbar Sallar bara sai in ji maƙogwarona yana ɗaci, kuma duk Illo ne ya ja mana.

Illo maƙwabcina ne a Ƙofar Marke, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba wanda ya kai ni shan labarinsa. A faɗarsa, ya yi shekara da shekaru yana aiki da 'yan kwana-kwana, kuma babu wutar da ba ta san shi ba a faɗin Sakkwato. Ya ce akwai gobarar da ya taɓa shiga, tsawa kawai ya daka mata ta kwanta. Yana da wata tsohuwar hular kwano ta masu babur da ya shafa wa jan fenti, ita yake kifawa a ka ko da murhun matarsa ne ya yi hayaƙi. Ba mu taɓa ganin ya kashe ko ashana ba, amma mun ƙyale shi, tunda surutunsa bai taɓa cin mana komai ba.

Mu nan ba ma soya naman layya ran Sallah, tareni muke yi. In an yanka an feɗe, sai a buɗe rago ɗungurungum a kan sanduna, kowane gida ya fito da nasa, a jera su tsaye a lungu, a hura doguwar wuta a tsakiya. Wutar ba ta son gaggawa. A hankali take lasar naman, kitse na ɗiga, sai washegari a sauke a raba. Jinaidu mahauci ne yake kula mana da ita tun muna yara, to bara Allah ya kira shi Makka. Muna dawowa daga Idi sai ga Illo a tsakiyar lungu da jar hularsa a kan babbar riga.

Ya ce, "Jama'a, zamani ya canza! Har yaushe za mu zamna muna haɗiyar miyau har gobe? Bana tarenin zamani za ni yi muku. Hwanka za mu sa ma wuta. Kahin la'asar kowa na cin gashi!"

Na ce, "Illo, nama fa ba wanki ba ne da iska za ta busar."

Ya ce, "Kai ka san wuta ko ni?"

Kwaɗayi ya rufe mana baki. Kafin ka ce me, kowa ya miƙa masa ragonsa, har da nawa.

Mutum ɗaya ce ta tirje, Inna Tasalla, tsohuwar da ke tuyar masa a bakin lungu. Ragonta tun yana ɗan mitsitsi ta kawo shi, ta yi ta ɗura masa dusa da harawar wake, in hadari ya taso ɗaki ɗaya suke kwana. Ita ce layyar farko da ta taɓa yi da sunanta tunda ta zo duniya, kuma ta riga ta aika ƙauye cewa jikokinta su zo washegarin Sallah su ci naman kakarsu. Kowa a lungun ya san wannan, don ba wanda ya sayi masarta bai ji ba.

Ta ce, "Illo, ragona ba na gwaji ba na."

Ya ce, "Haba Inna! Ni da nic ceto kasuwa guda, rago ɗai zai gagare ni?"

Ta ce, "Wace kasuwa?"

Ya ce, "Ba ki santa ba, ta ƙone."

Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi: a kafa nata can ƙarshen layi, nesa da fankarsa. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna kusa da shi tana kora ƙuda da faifai.

Illo ya bi gida gida ya tattaro fankokin sola, ya jera su a bakin wuta. Sai aka tarar rabinsu ba caji, kuma an ɗauke wutar lantarki tun safe. Da wani mai hankali ne, da nan ya tsaya. Illo kuwa ya juya, idonsa ya faɗa kan abin hawan ƙanen matarsa, Sirajo. Keke mai ƙafa uku ne, wanda muke kira agwagwa da buje, amma irin sabon nan da ba ya shan fetur, caji ake yi masa kamar waya. Sirajo ya ajiye shi a zauren yayarsa ya tafi unguwar Minanata gaida surukai.

Sakinatu, matar Illo, ta tare ƙofa. Ta ce, "Malam, Sirajo ya ce ko rana kak a bari ta daki batir ɗin ga."

Ya ce, "Ke mi kinka sani ga lantarki?"

Ta ce, "Na san ba naka ba na."

Ya ture ta gefe da gwiwar hannu, ya ɗaga kujerar keken, ya tarar da batir ƙato, baƙi, an ɗaure shi da kusoshi. Bai da abin kwancewa, sai ya sa taɓarya da guntun rodi ya yi ta ɓamɓara har abin ya fito. Da ya kinkimo shi nauyi ya rinjaye shi, batir ya faɗi tim a kan dakali, gefensa guda ya lotsa.

Muka ce, "Subhanallahi!"

Illo ya ce, "Ba komi, jini na ya motsa mishi."

Wayoyin da ya samo gajeru ne, saboda haka ya girke batir ɗin daf da wuta, inda ko kare ba zai kwanta ba. Ya murɗa wannan, ya ciji wancan, ya ɗaure da leda. Abin mamaki, fankoki suka tashi! Wuta ta yi gurnani ta miƙe, kitse ya fara tsartuwa, mata suka leƙo ta kan katanga suna guɗa. Illo ya riƙe ƙugu yana zagayawa, yana gaya wa mutane cewa baɗi har daga Kano za a zo koyon wannan aiki.

Ana cikin haka batir ya fara kumbura kamar ƙullin da ya kwana. Sai ya soma wani siririn fito, wani wari mai zaƙi-zaƙi yana fita daga inda ya lotsa.

Na ce, "Illo, abinka fa yana kuka."

Ya ce, "Ƙamshin nama ya ji. Kai ma ai tun ɗazu kake kuka."

Farin hayaƙi ya biyo baya. Illo ya karɓi butar alwala a hannun wani dattijo, ya tsiyaya wa batir ruwa a ka kamar mai wanke wa jariri fuska. Bai sauke butar ba muka ji fau! Harshen wuta ya fito ta gefe a miƙe, da ƙara, ya lashe fankoki biyu nan take. Ragunan da ke kusa suka yi baƙi ƙirin. Mutane suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar hula, dattijon ya bar butarsa ba ko waiwaye.

Illo ya yi ihu daga bayan wata bishiyar dogon yaro, "Kowa shi natsu! Wagga ƙaramar wuta ta! Yashi! A kawo yashi!"

Akwai tulin yashin ginin wani a gefe. Aka yi ta ɗiba da kwano da daro ana watsawa har batir ya ɓace, ya zama tudu. Wuta ta yi shiru. Illo ya fito daga bayan bishiya, ya gyara jar hula, ya hau kan tudun da ƙafa biyu don kowa ya gan shi.

Ya ce, "Kun gani? Haka mukan yi musu. Wuta in ta ga ubangidanta..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga ƙafar dama, silifa ta biyo shi tana zare kamar narkakkiyar alewa. Ya ɗaga ta hagu, ita ma haka. Ya daka tsalle ya bar su a can, kuma ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba tudun ya tsage, wuta ta fito fiye da ta farko.

Wani ya ce, "Ta ga ubangidanta, ta taso gaisuwa!"

Illo bai karaya ba. Ya hango fatun layya da aka tara a ƙofar masallaci, ɗanyu sharaf. Ya ce wuta iska take sha, in aka toshe mata hanci ta mutu. Liman na cewa, "Kai Illo, na masallaci na!" shi kuwa ya riga ya rungumo su ya kifa. Jama'a, ban taɓa jin wari irin wannan ba. Gashi na ƙuna, roba na ƙuna, ga wannan zaƙi-zaƙin mai hawa ka. Wuta ta ɗan yi lamo a ƙarƙashin fatun, sannan ta huda su ta ci gaba da abinta.

Sakinatu ta fito da waya a kunne. Illo ya gan ta.

"Wa kike kira?"

"'Yan kwana-kwana."

"Kak ki kunyata ni gaban ɗiyan da nik koya ma aiki!"

Ta ce, "To su zo su gaida malaminsu."

Nan ne hankalin Illo ya tashi da gaske, ba don wutar ba, don kada su iso su tarar bai gama ba. Da abin ya sake lafawa, ya jawo baro, ya sa shebur ya tura batir ciki da sauran fata a kansa. Dabararsa ita ce ya kai shi babbar kwata da ke ƙarshen lungu ya juye. Ku lura, har zuwa lokacin ragunan da ke kusa ne kawai suka lalace, sauran layin lafiya lau yake. Illo ya kama baro ya zura da gudu ta gaban layin nan, ba takalmi, riga na tashi, hayaƙi na tuɗaɗowa yana shafar raguna ɗaya bayan ɗaya. Kowane mai rago ya bi shi da nasa ihun. Ni ma na kira sunan nawa kamar zai amsa.

Inna Tasalla ta miƙe tana ɗaga faifai. "Kak ka biyo nan! Illo, don girman Allah kak ka biyo nan!"

Ya ce, "Kauce Inna, aiki nike!"

Zafi ya ci tayar baro, ta fashe daidai gabanta. Baro ya kife. Batir ya gangara ya tsaya cak a ƙarƙashin ragon Tasalla, ya yi wani dogon fito, ya buɗe wuta. Mata ne suka janye ta da ƙarfi, tana fizgewa tana miƙa hannu. Na ga fuskarta a lokacin, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Sai ga jiniya. Jar mota ta tsaya a bakin lungu, mutane suka diro da manyan takalma. Shugabansu, wani dogo da ake kira Oga Jafar, bai ko dubi wutar sosai ba ya tambaya, "Batirin keke na?" Aka ce e. Nan da nan ya sa aka kora mu gaba ɗaya zuwa ɓangaren da iska ke fitowa, ya ce duk wanda ya shaƙi hayaƙin sosai ya zauna a duba shi. Mutanensa suka rufe fuska da abin numfashi, suka ja tiyo.

Illo ya ratsa jama'a, ya ƙame, ya sara masa. "Oga, na riga na ci ƙarhinta. Ƙarashe ɗai ya rage muku."

Oga Jafar ya ƙura masa ido, sai ya washe baki. "A'a! Illo mai shayi! Kana nan?"

Liman ya matso ya ce, "Ranka shi daɗe, wane aiki yay yi da ku?"

Oga ya ce, "Shayi shika dahwa muna bakin ƙohwa. Ko rishonai in ya kama, mu ka hitowa mu kashe mishi."

Wani ya fara dariya, sai ta kama kowa, har waɗanda ragunansu suka ƙone. Illo ya ce ai shayin ma sashe ne na aikin, amma ba wanda ya ji shi.

Suka sakar wa batir ruwa daga nesa. Ba irin tsiyayar Illo ba, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ba tsayawa. Wuta ta kwanta, muka fara hamdala, amma ba su daina ba. Illo ya leƙo ta bayan Oga ya ce, "Ta mutu ai, kuna ɓarnar ruwa." Oga ya ce masa wannan ba wutar itace ba ce. A cikin akwatin nan akwai ƙananan batura jere da yawa, in ɗaya ya yi zafi ya kama sai ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba, kuma daga ciki take cin kanta, ba ruwanta da an toshe mata iska.

Ya ce, "Wa ya binne shi cikin yashi?"

Duk lungu ya nuna Illo.

"Wa ya ruhe shi da hwata?"

Hannuwa ba su sauka ba.

Ya ce, "To dumama shi kunka yi, awa tuwon jiya. Abin ga sanyi shika so, ruwa mai yawa, har cikinai shi huce."

Sai da tankin motarsu ya kusa ƙarewa, lungu ya zama fadama, sannan suka sa dogayen ƙarafa suka ɗaga batir suka nutsa shi cikin durom cike da ruwa, suka kai shi wani fili nesa da gidaje, suka kewaye da igiya. Oga ya ce kada wanda ya taɓa shi, don irinsa yakan yi kwanaki shiru sannan ya farka, kuma za su riƙa zagayowa suna dubawa. Daga nan ya juyo ya dubi layin raguna, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ku yi haƙuri. Hayaƙin ga guba na. Duk naman da ya taɓa, ba mai ci."

Kai, ka ga ciniki! Wani ya ce a wanke da sabulu. Wani ya ce a kankare bayan a ci cikin. Wani ya ce shi cikinsa ya saba, ko gubar ma tsoronsa take ji. Ni na ce nawa gefe guda kawai ya shafa, a bar mini ɗaya cinyar. Oga Jafar ya ce ko kare bai yarda a ba shi ba. Muna ji muna gani aka kwashe layyar lungu guda aka kai rami.

Daidai nan Sirajo ya sauka daga babur ɗin kabu-kabu da ledar goron surukai a hannu. Ya leƙa zaure ya ga kekensa baki buɗe. Ya dubi yayarsa, ta nuna masa Illo da haɓa.

Ya ce, "Yaya Illo, ina batir?"

Illo ya ce, "Shina wanka."

Mutum huɗu ne suka riƙe Sirajo.

Inna Tasalla kuwa tana zaune a kan kujerarta a cikin caɓi, ta zuba wa sandunan da babu komai a kansu ido. Liman ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. An yanka da sunan Allah, layyarki ta yi. Ladarki na nan cikakka."

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma jikokina ba lada za su taho ci ba."

Washegari da hantsi motar ƙauye ta sauke su, ƙanana da manya, an yi musu aski da kitso, suna tambayar ina ragon. Tasalla ta miƙe. Ta zaunar da su a zaure, ta ɗauki babban daronta, ta nufi gidan Illo. Ta same shi kwance ya shafa wa tafin ƙafa man kaɗanya, yana gaya wa Sakinatu cewa in ba don shi ba da unguwar ta tashi.

Ta dangwara masa daron a kan cikinsa. Ta ce, "Tashi. Da bakinka ka ƙone shi, da bakinka za ka cika wanga."

Haka suka fita, Illo a gaba da daro a ka yana ɗingishi, Tasalla a baya da sandarta, mu kuma muna biye don ba mu da naman da zai zaunar da mu. Lungunan da suka yi tareninsu yadda aka gada suna ta sauke nama ana rabo. A gidan farko Illo ya yi sallama, maigida ya fito, Illo ya gyara murya.

"Wato jiya wata gagarumar gobara ta taso, ni kuwa da nig ga rayuka na cikin haɗari..."

Tasalla ta buga sanda a ƙasa. "Ƙarya. Sake."

"Wato wani batir na, mai lalurar asali..."

"Ƙarya. Sake."

Illo ya ce, "Na ɗauko batirin da ba nawa ba, na aje bakin wuta."

"Sai mi?"

"Sai na binne shi."

"Sai mi?"

Sai da ya kai har kifewar baro, maigidan yana riƙe da ciki don dariya, sannan ya shiga ya fito da kafaɗa guda ya jefa a daro.

Kowace ƙofa haka. In ya ƙara gishiri, sanda ta bugi ƙasa, a koma farko. Labari ya riga mu gaba, mutane suka fito suna jiranmu da nama a hannu, amma ba mai sakawa sai ya ji daga bakin mai shi. Tun yana kwana-kwana da zance har ya gaji. Kafin mu kai Ƙofar Atiku, mutumin da bai taɓa faɗin abu a taƙaice ba ya koma magana ɗaya tak. Yana yin sallama sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ƙone ragon Inna Tasalla."

Ita kuma ta ce, "Yawwa. A zuba mishi."

Daro ya cika har yana neman karya masa wuya. Ya kai shi zaurenta ya sauke, gumi ya jiƙa shi sharkaf, bai sa komai a ciki ba tun jiya. Jikoki suka kewaye nama suna murna. Tasalla ta raba musu, ta aika wa kowane gida a lungu da rabonsa, har nawa. Sannan ta tona ta zaro wata tsoka mai kitse, mai laushi, ta ɗaga ta tana juyawa, ta dubi Illo. Ya goge hannu a riga ya miƙo tafi biyu.

Ta ce, "Ya yi kyau, amma ba nawa ba na. Nawa ya hi shi kitse."

Ta jefa tsokar a bakinta, ta sa aka rufe ƙofa.